Golmon Markus a Gida Mai Taya

Tun da muka dawo ban huta ba. In na je majami'a, matan zumunta su tare ni a bakin ƙofa. In na shiga kasuwar Zuru sayen gishiri, mai gishirin ta riƙe mudun ta ce sai na faɗa mata ko gaskiya ne a daji muka kwana a ƙasar Turawa. Bakina ya gaji. Tunda dai alli na riƙe har na yi ritaya, bari in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. Gaskiya ne, a daji muka kwana, kuma biya aka yi kafin a bar mu mu kwana.

Abin da ya kai mu shi ne Rahila, 'yarmu ta fari, wadda ke aikin nas a Jamus. Ta bugo waya ta ce ta samu miji, Bature, sunansa Markus. Ni sunan bai dame ni ba, ko a layinmu akwai Markus biyu. Babanta, wanda duk unguwa ke kira Sajan ko da yake ya daɗe da ajiye kaki, ya karɓi wayar ya yi tambaya ɗaya tak: "Ya iya noma?"

Wanda ba ɗan ƙasarmu ba sai na yi masa bayani. Mu Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, muna da golmo, wato noman da saurayi ke yi wa uban yarinya shekara bakwai kafin a ba shi ita. Yaran yanzu sun mayar da abin buhunan dawa da gaisuwa, amma Sajan ya ce a gidansa ba a soke doka ba. Kullum yana faɗin yadda ya yi wa babana shekara bakwai a kan duwatsun Kanya. Ni da aka yi noman domina na san uku ya yi ya shiga soja, ƙaninsa ya ƙarasa. Ba na tada maganar, don zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Daga baya Rahila ta sake kira lokacin da ta san babanta ya fita. Ta ce, "Mama, in Baba ya ce a'a, ba zan yi ba. Amma ban sani ba ko zan iya zuwa gida in zauna in dubi fuskarsa." Ba ta yi kuka ba, kuma rashin kukan ne ya fi tsorata ni. Na san 'yata, kafiyar ubanta ta ɗauko kaf. Na gane cewa in tafiyar nan ta ɓaci, ba suruki kaɗai za mu rasa ba.

Ranar shirya kaya ni na ɗaure garin dawa, kuka, daddawa da yaji. Sajan kuwa ya ɗauko tsohuwar garmarsa, ya cire mata ƙota, ya naɗe ƙarfen a tsohon zanena na zumunta ya sa a ƙasan akwati. Na ce, "Baban Rahila, wannan fa?" Ya ce, "Malama, ba a ba da ɗiya sai an ga bayan mutum a duƙe a gona."

Hanyar Zuru zuwa Kontagora kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Duk ramin da muka faɗa sai garmar ta amsa daga bayan mota. A filin jirgin Abuja wani ma'aikaci ya ga abu a na'urarsa ya ce a buɗe akwatin. Ya warware zanen, ya dubi ƙarfen, ya dubi Sajan.

"Baba, mene ne wannan?"

"Garma."

"Ina za ka kai ta?"

"Wurin aiki."

Yaron ya naɗe ta da kyau ya mayar, ya ce Allah ya ba da damina mai albarka.

Na jirgi ba abin faɗi sai sanyi da abinci ɗan mitsitsi a kwanon roba. Da muka sauka, ga Rahila ta rame kaɗan, ga wani dogon mutum a bayanta. Kafin mu ankara ya zube a ƙasa gaban jama'a, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Sannu da zuwa, Mama." Rahila ta koya masa, kuma ya yi da kyau, sai dai ya daɗe a durƙushe don ba ta koya masa lokacin tashi ba. Sajan bai dubi fuskarsa ba, hannunsa ya duba. Aikin kwamfuta Markus yake yi. A mota Sajan ya raɗa mini, "Hannun ga bai taɓa gaisawa da ƙota ba."

Ɗakin Rahila ƙarami ne, don haka Markus ya shirya mu fita yawo a san juna. Ya aro motar mahaifiyarsa, wadda na sa wa suna gida mai taya. Girmanta ya ɗan fi bas ɗin kasuwa. A ciki akwai gado, akwai murhun gas, akwai firiji, akwai tebur da ke zama gado in an lanƙwashe shi, har da bayi, ɗan ƙarami wanda in ka shiga sai ka yanke shawarar inda za ka fuskanta tun daga waje. Na tambayi Rahila ko mahaifiyar Markus ba ta da gida ne. Ta ce tana da shi, har da bene. Haka suke yi, in hutu ya zo mutum ya kulle gidansa mai wuta da ruwa ya je ya kwana a fili. Na tuna mutanenmu na ƙauyukan wajen Ribah da suka kwana a daji ba da son ransu ba, na yi shiru, don ba abin da za a fassara wa Bature ba ne a rana ɗaya.

Muka nufi ƙasar Holan. Tun da Sajan ya ji za a ƙetare iyaka ya shiga shiri. Ya taɓa aiki a kan iyaka, ya san yadda abin yake. Ya karɓi fasfo ɗinmu duka ya jera a cinyarsa, ya gyara hula, ya ce in an tsayar da mu kada kowa ya yi magana sai shi. Muna ta tafiya, titi sumul, shanu a gefe suna kiwo ba makiyayi. Can ya ce wa Rahila ta tambayi direba, wato Markus, saura nawa a kai iyaka. Ta ce ai mun wuce tun ɗazu, wani shuɗin allo ne. Sajan ya waiwaya baya ya daɗe yana kallo. Babu shinge, babu taya a kan titi, babu ko ɗan sanda mai barci. Ya ce, "Ƙasar da ba ta da mai tsaron ƙofa, mi za ta sani game da ba da ɗiya?" Rahila ba ta fassara wannan ba.

Masaukinmu gonar wani tsoho ce. Ya ware fili mai ciyawa a bayan rumbunsa, motoci irin tamu sun jeru, kowa ya fito da kujera yana kallon masara. Ba mai zuwa wajen wani. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na gaishe su, don ba a sauka unguwa a yi shiru. Wata tsohuwa ta ɗauka wani abu na rasa, ta miƙo mini ashana.

Maganar kwana Sajan ya yanke ta da kansa. Ni da shi a gado, Rahila a kan tebur, Markus a waje. Markus ya ce, "Ba komai, Baba," ya kafa ɗan tanti a gindin mota. Hausarsa duka ba ta wuce sannu, na gode da ba komai ba, kuma ba komai ta fi shan aiki. Ruwan sama ya sauka, da safe ya fito a jiƙe yana murmushi.

Cin abinci shi ne abin kunya. Teburin ƙarami ne, gwiwata na taɓa ta surukin da ba a ma karɓa ba. Ni da ban taɓa cin tuwo gaban uban mijina ba har ya rasu! Su kuma da yamma burodi mai sanyi suke ci da cuku, kamar masu jiran a gama girki. Na jure daren farko, a na biyu na ce a ba ni murhu. Na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka. Da daddawa ta ji wuta, wani abu a rufin motar ya fara ihu, maƙwabta suka fito, tsohuwar mai ashana ta zo da gudu da bokiti. Markus ya kashe abin, ya buɗe tagogi, ya zauna ya ci malmala biyu da hannu, miya na bin gwiwar hannunsa. Sajan ya kalle shi ya ce ci ba aiki ba ne.

Akwai abin da na lura da shi tun safiyar farko. Markus yakan zaga gefen motar ya buɗe wata 'yar ƙofa, ya jawo akwati mai taya da mariƙi, irin na matafiya, ya ja shi har ƙarshen fili bayan rumbu. Sauran mazan ma haka, kowa da akwatinsa, suna ɗaga wa juna hannu. Na ɗauka kayan wanki ne. Da na tambayi Rahila, ta rage murya ta ce, "Mama, bayin motar nan ba rami gare shi ba. Duk abin da aka yi, cikin akwatin nan yake tafiya. Sai an kai an zubar an wanke." Na ce, "Har namu?" Ta ce har namu. Ranar ban iya haɗa ido da yaron ba. Ban faɗa wa Sajan ba, don na san in ya ji zai daina shiga, kuma shekarunsa sun wuce na riƙo.

Shi Sajan hankalinsa na kan gona. Ya ƙulla abota da tsohon mai filin ba tare da harshe ɗaya ya haɗa su ba. Su tsaya bakin kunyoyin dankali, wannan ya nuna, wancan ya gyaɗa kai. Ya fito da garmar ya nuna masa. Tsohon ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shiga rumbu ya samo icce, suka zauna suka sassaƙa ƙota tare. Ta bakin Rahila aka yi magana, tsohon ya yarda ya ba da wani gefen gona da tarakta ba ta kai ba. Aka sa rana: in mun dawo daga birni, washegari Markus zai tada kunyoyi da garmar, Sajan zai duba. Markus ya ce ba komai, amma na ga ya dubi tafin hannunsa.

Birnin shi ne Amsterdam. Motar ba ta shiga, a jirgin ƙasa muka je. Abin da zan faɗa muku game da garin nan shi ne kekuna. Yadda babura suke a Ribah ranar kasuwa, to ku ninka, ku cire ƙara. Ba ka jin zuwansu. Tsofaffin mata, masu kwat, uwa da 'ya'ya biyu a cikin akwatin katako a gaba, duk a guje. Rabin titunan kuma ruwa ne, gidaje sirara sun jingina da juna a bakinsa. Fitsari ma sai ka biya. Sajan ya ce a bariki ko fursuna ba a yi wa haka.

Ina tsaye ashe a kan hanyar kekuna nake, wata yarinya ta wuce ta gefen zanena kamar iska. Na ce, "Wayyo Allah na!" Sai na ji daga bayana an ce, "Hajiya, sannu! Hau nan sama." Wani baƙin mutum ne da rigar masu shara, ɗan Dosso ta Nijar, ya shekara da yawa a can. Na ce masa ni ba Hajiya ba ce, amma na karɓi sannun da hannu biyu. Ya tambayi garinmu. Da ya ji Zuru sai ya ƙame ya sara wa Sajan.

"Dakarkari! Ku ne ba ku tsoron komi. To Baba, ka ci kihin garin ga?"

Ya nuna wata rumfa. Kifi ne ɗanye, ba a dafa ba, ba a soya ba, ba a ko nuna masa wuta ba. Gishiri kawai da yankakkiyar albasa. Ana kama shi ta wutsiya a ɗaga kai a zura. Ɗan Dosso ya ce shi shekararsa ta farko ko kusa bai iya zuwa ba. Markus ya sa Rahila ta faɗa wa Baba cewa ba dole ba ne, in ma zai ci ya ɗanɗana rabi. Wannan rabin shi ya ɓata komai. Sajan ya dubi Markus, ya ɗaga yatsu uku wa mai rumfar. Ya ci su a tsaye, ido buɗe, ya bi da wani abin sanyi mai madara da Rahila ta saya wa kanta. Ɗan Dosso ya tafa masa, muka yi sallama.

Ba mu kai ga ganin gidan sarkinsu ba. Muna kan wata gada Sajan ya tsaya cik, ya ce, "Malama, a koma bariki." Fuskarsa ta yi toka. A jirgin dawowa ya ƙame a kujera, gumi na zuba. Daga tasha Markus ya samo mota, daga bakin gona kuwa kusan ɗaukarsa ya yi.

Ba zan ba ku labarin abin da ya biyo baya dalla-dalla ba, mijina ne. Bayin jama'a na can ƙarshen fili, ƙafarsa ba za ta kai shi ba, sai na mota. Rahila ta koma nas, tana haɗa ruwan gishiri da sukari. Ni ina addu'a ina riƙe masa kai, don na tsorata ƙwarai, ban taɓa ganin ya kwanta haka ba. Markus kuwa yana waje cikin yayyafi. In ya ji shiru sai in ji 'yar ƙofar nan ta buɗe, in ji tayoyin akwati a kan tsakuwa sun tafi, can in ji sun dawo. Ban ƙirga sawunsa ba, amma ciyawar tsohon ta kwanta, hanya ta fito daga motarmu zuwa bayan rumbu.

Washegari da hantsi cikin ya lafa. Sajan ya fito ya zauna a bakin ƙofa cikin bargo, yana kurɓar kunun da na dama masa. Sai ga Markus ya wuce da akwatinsa, idanu ja don rashin barci. Ya ce, "Sannu, Baba." Sajan ya bi shi da kallo har ya ɓace.

"Wai mi ke cikin akwatin ga da yaron ga ke ta ja tun jiya?"

Rahila ta sunkuyar da kai ta shige mota. Ya rage ni. Na ce, "Baban Rahila, aikinka ne a ciki."

Bai gane ba, sai da na yi masa bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Ya ajiye kofin.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da munka zo."

"Da hannunshi?"

"Da hannun nan da bai taɓa gaisawa da ƙota ba."

Ya ja bargonsa ya koma ciki. Kunun ma bai ƙarasa ba. Ni kuma na san namiji irin Sajan in kunya ta kama shi, tana iya juyewa ta zama fushi, ya ce a haɗa kaya.

Safiyar da za mu tashi ya sa kaftaninsa, ya ɗauki garma ya ce a kira yaron. Muka tafi gefen gonar, har da tsohon mai fili da tsohuwar mai ashana, wadda ta zo da kujerarta. Markus ya cire riga ya tsaya. Rahila ta kama hannuna.

Sajan ya miƙa masa garmar. Markus ya karɓa, ya riƙe ta a juye, ya duƙa zai sara. Sajan ya dafa ƙotar.

"Bari. Rahila, gaya mishi. Ni shekara bakwai na yi..."

Na yi tari. Ba da niyya ba, sanyin ƙasar ne.

Ya dube ni, ya gyara murya. "Shekara ukku na yi wa uban matar ga noma. Ko buta ban taɓa ɗaukar mishi ba. Gaya mishi ya gama golmonshi. Garmar ya riƙe, tashi ce."

Rahila ba ta kai ga fassarawa ba. Kukan da ba ta yi a waya ba shi ta yi a nan, ta durƙusa ta riƙe ƙafar ubanta. Markus ya rasa abin da ke faruwa, ga garma a hannu, ga mace na kuka, sai shi ma ya zube a cikin taɓo ya ce, "Ba komai, Baba." Sajan ya ce, "Da komi, ɗana. Tashi." Ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba. Tsohuwar mai ashana ta tafa, ko da yake ban san me ta ɗauka an yi ba.

Mun dawo ta hanyar da muka bi, akwatinmu ba nauyi, ba abin da ke amsa ramukan Kontagora. An sa biki lokacin Kirsimeti, a nan Zuru, kuma duk kuna ciki, har mai gishiri.

Masu tambayar ramin da ake haƙa a bayan gidanmu, ba rijiya ba ce. Bayi ne na zamani, mai ruwa, wanda ba a ɗaukar komai a kai ko'ina. Na ce a kira leburori, Sajan ya ƙi. Da kansa yake yi, kullum da sassafe kafin rana ta yi zafi, da diga da garmar maƙwabci da yake ara. Jiya na kai masa ruwa na ce ya huta, bayansa ba na da ba ne. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malama, yaron ga ya ɗauki nawa. In ya zo gidana, ba ya ɗaukar na kowa."